Bazara da Masu Lambu: Darasi ga Uwayen Ƙasa da Malamansu

Wannan darasi an shirya shi ne domin uwayen ƙasa, watau hakiman gundumomi, da malamansu masu rubuta rahoto a ƙasashen Gusau da Tsafe da Bungudu. Abin da muke so ku riƙe guda ɗaya ne. A cikin bazara, labarin lambu da labarin gida da labarin sama duk tafiyarsu ɗaya, kuma ba wanda ya fi mai lambu saninsu. Uban ƙasan da ya iya sauraron masu lambu, malaminsa kuma ya iya rubuta abin da suka faɗa da kwanan wata da adadi, zai hangi wahala tun tana nesa. Wanda ya ɗauki zancensu hira ce kawai, sai abu ya ɓaci sa'an nan ya ji.

1. Ƙasar da muke magana a kanta

Garuruwan nan uku a kan hanya ɗaya suke, wadda ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta nufi Sakkwato. Matafiyi zai fara isa Tsafe, ya wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, kana ya isa Bungudu. Gusau ita ce babban birnin Jihar Zamfara tun da aka kafa jihar ran 1 ga Oktoba 1996. Gulbin Sakkwato, wanda ya faro daga wajen Funtuwa, ya ratsa ta Gusau da Bungudu, kuma a bakinsa da bakin ƙoramun da ke zuba cikinsa ne yawancin lambuna suke. A ƙasar Tsafe mai duwatsu, masu lambu sun fi dogara ga fadamu da rafuka da rijiyoyi.

Ruwan saman da akan samu a Gusau a shekara bai cika nisa da milimita 900 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake sauka. Sauran watanni kuwa ko ɗigo sai nadiran. Saboda haka duk ɗanyen ganye da aka gani a kasuwa da rani, guminsa na mai lambu ne. Kakanni da jigo da ƙwarya suka yi ban ruwa. Tun farkon shekarun 1990, sa'ad da aka soma shirin bunƙasa fadamu na ƙasa da taimakon Bankin Duniya, ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse suka yawaita. Wannan ya faɗaɗa lambu ƙwarai, amma ya ɗaure mai lambu ga kuɗin mai, ya kuma sa ruwan ƙasa yana saurin ja da baya.

2. Mece ce bazara?

Shekarar manomi kashi huɗu ce: damina, kaka, ɗari, bazara. Bazara ita ce tsakanin ɗaukewar hunturu da faɗuwar ruwan shuka, galibi daga Maris zuwa ƙarshen Mayu. Iskar arewa maso gabas mai ƙura takan ja da baya, iskar kudu maso yamma mai laima ta soma turo kai. Kafin ɗaya ta rinjayi ɗaya, zafi yakan yi tsanani, har ma'auni ya kai digiri 40 a inuwa cikin Afrilu, dare kuma ba ya sanyi.

Malaman ƙasar nan tun da daɗewa suna lissafin shekara da taurari 28, kowane kwana 13 ban da guda mai kwana 14, jimla kwana 365, kowane kashi na shekara yana da taurari bakwai. A wannan lissafi Surayya da Dabaran su ne ke rufe bazara, Haƙ'a ke buɗe damina. Dalilin da ya sa manoma suka riƙe shi shi ne watannin Musulunci suna ja da baya da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka ba su nuna lokacin shuka. Ga misali, azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris, na 2025 kuwa a farkon Maris. To, malami ya lura: duk abin da ya shafi ruwa da shuka a rubuta shi da kwanan watan boko, a haɗa da na Hijira in ana so. In ba haka ba, ba za a iya gwada bana da bara ba.

3. Halin lambu a bazara

Ruwa. Gulbi yakan koma yashi da 'yan gurabe, sai an tona. Mai lambu shi ne mutum na fari da zai san ruwa ya yi ƙasa, gama kullum yana auna shi da igiyar guga ko da tsawon tiyo. In ya ce bana ya ƙara gaba biyu kan na bara, wannan labari ne na gari duka, domin rijiyar sha ma tana biye. A shawarci masu lambu su yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, su rufe fangali da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don laima ta daɗe, su kuma rage faɗin abin da suka shuka daidai da ruwan da ya rage. Fangali goma da suka ƙoshi sun fi ashirin da ke kishi.

Tumatir. Amfanin sanyi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35, furensa yakan kaɗe ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Shi ya sa yakan yi arha a tsakiyar rani sa'ad da kowa ke tsinka, ya yi tsada a ƙarshen bazara da farkon damina. Gidan da ya yanka ya shanya kauɗa lokacin arha ya tsere wa tsadar. A shanya a kan tabarma ko rumfa, kada a zuba a ƙasa ko a bakin kwalta inda ƙura da dabbobi ke bi.

Tsutsar tumatir. Manoma suna kiranta sharon. Asalinta Amurka ta Kudu, ta shiga Turai ta ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu har Afirka. A 2016 ta yi ɓarna mai yawa a Arewacin Nijeriya, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin Mayu na shekarar. Zafi ke sa ta saurin hayayyafa. Alamarta fari-fari a jikin ganye inda ta ci cikinsa ta bar fata, da ƙananan huji a jikin 'ya'ya. Uwarta ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare. Maganinta na fari tsabta: a tumɓuke tsohon tumatir da zarar an gama tsinka, a ƙone ko a binne, kada a bar shi tsaye ya zama gidanta. Lambu ɗaya da aka yi sakaci da shi ya isa ya cuci fadama duka, don haka wannan aiki ne na Sarkin Noma da masu unguwa.

Albasa. Yawanci cikin Maris da Afrilu ake cire ta. In wuyanta ya kwanta, a yanke mata ruwa kamar mako ɗaya ko biyu, a cire, a bar ta ta sha iska a inuwa har bawo ya bushe, a tsince mai rauni, kana a zuba a rudu ko rumfa mai shan iska wadda ruwa ba ya taɓawa. Wadda aka adana da kyau takan yi daraja bayan watanni. Wadda aka tara da laima kuwa ruɓewa za ta yi.

Masu jure zafi. Kuɓewa da alayyahu da yakuwa da rama da kankana ba su tsoron bazara in sun sami ruwa. Su ne ke riƙe tukunyar gida da aljihun mai lambu har ruwa ya sauka. A wannan lokaci ne kuma ake renon irin barkono da attaruhu da tattasai na damina, a ƙarƙashin 'yar rumfa, mako huɗu zuwa shida kafin dashe.

Maganin feshi. A tsawata ƙwarai a kan abu uku: kada a fesa yau a tsinka gobe, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika, kada a sa yaro feshi, kada a mai da kwalbar magani abin zuba ruwa ko mai. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa malamin gona ya karanta masa.

4. Ruwan farko da ruwan shuka

Ba kowane ruwa ne na shuka ba. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya cikin Afrilu ko farkon Mayu, da iska mai kware rufi da karya itatuwa, sa'an nan sama ta ɗauke har mako uku. Mai gaggawa ya zuba iri, ya tsiro, rana ta ƙone shi, ya koma neman wani irin da tsada. Masana aikin gona sun ajiye ƙa'ida mai sauƙi ga ƙasashe irin namu: a sami kamar milimita 20 cikin kwana uku a jere, kada kuma ruwa ya ɗauke fiye da mako guda a watan da ke biye. Tsofaffi su ma suna da tasu: a tona ƙasa da hannu a ga inda laima ta tsaya. A Gusau da kewaye, daminar da za a dogara da ita takan zauna ne daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ya kamata uban ƙasa ya nemi abin da ya shafi ƙaramar hukumarsa, a karanta wa dagatai. Amma a gaya musu gaskiya, hasashe ne, sanin gaibu sai Allah. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da rai, a tambaye su yadda bazarar waɗannan shekaru ta kasance, a rubuta.

Kafin hadarin farko, a sa mutane su duba ƙusoshin rufi, su sare rassan da suka rataya kan ɗakuna, su yashe magudanai. Masu lambu a cikin gulbi su kwashe injuna da tiyo da wuri, gama ruwan da aka yi a wajen Funtuwa yana iya isowa alhali nan ko gajimare babu.

5. Labarin gida

Yanzu mu zo ga abin da malamai suka fi rainawa. Gaisuwarmu doguwa ce, kuma ba banza ta yi tsawo ba. Ga misalin yadda malamin uban ƙasa zai iya tarar da dattijo a lambunsa:

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Amin, alaikumus salamu. Maraba da Malam. Yaya muka ji da zafi?"

"Lokacinsa ne, Baba. Ina iyali?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Sai dai ƙaramin jikan nan ne ba ya jin daɗi."

"Assha! Me ya same shi?"

"Zazzaɓi ne, da ciwon kai. Tun shekaranjiya wuya ya ƙi juyawa. Yaron maƙwabcina ma haka."

Malamin da ya ce "Allah ya sauwaƙe" ya wuce, ya yi ladabi amma bai yi aikinsa ba. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya da amai, ga jariri kuma kumburin maɗiga, alamun sanƙarau ne, kuma bazara ce lokacinsa. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Annobar 2017 a Zamfara ta faro tun ƙarshen 2016, ta ci rai fiye da 1,000 a ƙasar nan, jiharmu kuwa ita ta fi kowace jin jiki. Cutar tana da magani in an kai asibiti da wuri, amma tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tana da allurar rigakafi, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta soma amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Saboda haka labari irin wannan ba ya jiran rahoton wata. A ranar za a kai yaro asibiti, a ranar za a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma. A kuma hori jama'a su buɗe tagogi, su rage cunkoso a ɗakin kwana. Ƙyanda ita ma ta fi yaɗuwa a wannan lokaci, a tambayi ko an yi wa yara allura.

Sauran labaran gida ma kowane da abin da yake nunawa.

Haihuwa da suna. A taya murna, kana a tuna wa uba ya karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Za a neme ta ran shiga makaranta.

Aure. Masu lambu da yawa sukan ajiye bikin 'ya'yansu sai an sayar da albasa. In aka ji ana ta ɗage bukukuwa a ƙauye, a bincika, watakila kasuwa ta faɗi ko bashi ya yi yawa.

Bashi da jingina. Wanda ya ci bashin mai da taki, amfani ya zo a lokacin arha, shi ne ke jinginar da fadamarsa. Duk jingina ko aro ko haya a rubuta ta gaban shaidu, da iyakoki da adadin kuɗi da wa'adi. Rigimar gado da ta iyaka a kashe ta kafin ruwa ya sauka, domin gonar da ake shari'a a kanta ba ta samun noma.

'Yan cin rani. Samari sukan dawo gida gab da shuka. In Mayu ta ƙare ba su dawo ba, gidajensu za su rasa hannu, sai a yi tunanin gayya, musamman ga gwauraye da tsofaffi da matan da mazansu suka rasu.

Baƙi. Ba boyayyen abu ba ne cewa tun wajen 2011 'yan bindiga sun addabi sassa da yawa na Zamfara, har da ƙauyukan Tsafe da Bungudu da na Gusau. Akwai fadamun da masu su suka bari, akwai gidajen da suka karɓi dangi masu gudun hijira har baki ya ninka. Mai lambun da ya ce bana bai je fadamar nesa ba ya ba ku labari biyu: na tsaro, da na abincin da za a rasa. A rubuta yawan fadamun da aka bari da yawan baƙin da aka saukar, a kai wa Sarki da hukuma. Amma a kiyaye ƙwarai, kada sunan wanda ya ba da labarin tsaro ya shiga takardar da za ta bi hannuwa.

6. Mashaya da burtali

A bazara kore ya ƙare ko'ina sai fadama, ruwa ya ƙare ko'ina sai gulbi. Dabba kuwa dole ta sha. Nan ne mai lambu da makiyayi ke haɗuwa, kowa da gaskiyarsa. Wajibi ne uban ƙasa ya tara Ardo da Sarkin Noma da dagatai tun farkon Maris, a zaga a ga burtali da mashaya da ido, a buɗe inda aka toshe da shuka, a nuna inda ba a shiga da dabba. In ɓarna ta auku, a je a auna a ranar, gaban ɓangarorin biyu, a yanke diyya ba tare da son kai ba. Ƙaramar rigimar da aka bari ta kwana ita ce ke girma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

7. Yadda za a rubuta

Malami ya ware littafi guda na bazara, kowane ƙauye da shafinsa. Ya bi waɗannan ƙa'idodi:

(a) Kwanan wata da sunan wuri su fara zuwa.

(b) Adadi ya maye gurbin "da yawa" da "kaɗan". In ba a ƙirga ba, a rubuta cewa kimantawa ce.

(c) A bambanta abin da aka gani da abin da aka ji. Gani ya kori ji.

(d) A tambayi mutum fiye da ɗaya, a kuma nemi labarin mata ta bakin ungozoma ko wata dattijuwa, gama su suka san ciwon yara da abin da ya rage a rumbu.

(e) Asirin gida ba na littafi ba ne. Abin da ya shafi jama'a kaɗai ake rubutawa.

(f) Kada a gyara labari don a faranta wa na sama rai.

Dubi bambancin waɗannan biyu, dukansu misali ne kawai. Na fari: "Ranka ya daɗe, ƙasa lafiya, zafi ya yi yawa, masu lambu suna kuka." Wannan bai ba kowa abin yi ba. Na biyu: "Ranka ya daɗe, ran 12 ga Afrilu na je ƙauye kaza. Cikin rijiyoyin lambu 9 da na duba, 4 sun ƙafe. Na ga tsutsa a lambunan tumatir 3, na gaya wa Sarkin Noma a tumɓuke a ƙone. Yara 2 suna da sandarewar wuya, an kai su asibiti, na sanar da jami'in lafiya a ranar. An yi ruwa da iska ran 10 ga wata, laima ba ta kai tsawon yatsa ba, na ce a dakata da shuka." Mai karanta wannan ya san wurin da zai aika malamin gona, da wurin da zai aika mai allura.

Littafin nan in an riƙe shi shekara biyar, zai gaya wa uban ƙasa abin da ba mai gaya masa: ranar da ruwan shuka ya saba sauka a ƙasarsa, rijiyar da ke fara ƙafewa, unguwar da ciwo ke fara kamawa, watan da albasa ke daraja. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda aka kafa tun 1922, da irin wannan rubutu na yau da gobe ta tara saninta. Abin da ya yi mata amfani zai yi wa gunduma.

8. Tambayoyi don bita

1. Don me ake son rubuta labarin ruwa da kwanan watan boko?
2. Faɗi alamu huɗu na sanƙarau, da abin da malami zai yi a ranar da ya ji labari.
3. Yaya ake bambanta ruwan farko da ruwan shuka?
4. Me ya sa tumɓuke tsohon tumatir ya zama aikin gari duka?
5. Rubuta rahoton layi biyar a kan wata fadama ta gundumarka, da kwanan wata da adadi.

A ƙarshe muna roƙon kowane uban ƙasa ya taka da ƙafarsa zuwa fadamun ƙasarsa, inda hali ya yi, ko sau biyu ne kafin ruwa ya sauka. Ya zauna a inuwar mangwaro, ya gaisa da masu lambu gaisuwa cikakkiya, ya bar su su kai ƙarshen zancensu, malami kuma yana gefe da alƙalami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kawo mu damina mai albarka, amin.